Kunnuwa Biyu a Gwangwanin Madara

Malam Zailani mutum ne da ba ya duban fuskar saniya, kunnenta yake duba. Idan muka shiga ruga, kafin ya gama amsa gaisuwar mai gida idonsa ya riga ya tafi cikin garke, yana bin kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Na sha gaya masa cewa ranar da ya je neman aure ma na tabbata kunnen yarinyar ya fara dubawa. Sai ya ce, "Naka na fara dubawa, Mudi, na ga ba a taɓa yi maka rigakafi ba. Shi ya sa kake haka."

Ni da shi taubasai ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce. Tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba mu raba wannan gardama ba. Ni bakaniken babur ne a bakin tashar Tudun Wada. Shi kuwa malamin dabbobi ne, irin ƙananan ma'aikatan nan da ba su da ofis sai inuwar bishiya. Abin da gwamnati ta damƙa masa bai wuce babur ɗaya da akwatin ƙanƙara da allurai ba, sai filayar yanka kunne, wadda ake yi wa saniya shaida da ita idan an yi mata rigakafi.

Sanin kunne a gida ya gaje shi. Mahaifinsa yana cikin masu koren shanu zuwa Kudu a ƙasa, kuma shi ya koya masa cewa kowane gidan Fulani yana da yankansa. Wani ya tsaga bakin kunne, wani ya ɗebe gefe, wani ya yi tsaga biyu a ƙasa. Zailani ya haddace su daga Bebeji har Doguwa, ba littafi ba alƙalami. Bai yi karatun boko mai nisa ba, Turancinsa ma na cike takarda ne kawai, amma ka nuna masa saniya a kasuwa ya gaya maka gidan da aka haife ta, wani lokaci har da sunan kakan mai ita.

Shekarar bushiya, annobar shanun nan ta 1983, ita ta fito da shi. Duk wanda ya ga wannan shekara ba ya son tuna ta. Saniya ta fara hawaye da yawu, sai zawo, kwana kaɗan ta kwanta, kuma in ta shiga garke ba ta barin na kirki. Aka raba malaman dabbobi ruga-ruga su yi allura. A nan ne Baffa Mamman ya yi kuskuren da ya bi shi shekara goma sha uku.

Baffa Mamman Bafulatani ne da ke zaune kudu da gari, yana kiwo yana kuma noman masara. Dogo ne, ba shi da yawan magana, ga filako kamar ya kashe shi: ko yunwa na cinsa ba zai ci abinci a gaban mutane ba. Ya gaji shanu wajen tamanin, yawancinsu zuriyar wata saniyar kakansa mai suna Wule. Da ya ji ma'aikatan gwamnati suna yawo suna ƙirga shanu, sai ya ce jangali ne zai dawo ta bayan gida. An daɗe da soke jangali, amma wanda ubansa ya yi ta ɓoye shanu a daji ba ya yarda da wannan magana. Ya kora garkensa gaba ɗaya ya shige dajin Falgore, ya je ya haɗa mashaya da shanun da suka riga suka kamu.

Kwana huɗu Zailani ya yi yana nemansa. Daga baya ya ce mini ba sawu ya bi ba, ungulaye ya bi. Ya tarar da Baffa Mamman zaune a kan dutse, sandarsa a kan cinya, gawarwaki ta ko'ina. Shanu tara suka rage a tsaye, kuma duka taran na kasuwa ne, waɗanda ya saya daga baya. Zuriyar Wule ba ko ɗaya. Zailani ya buɗe akwatinsa ya yi wa taran allura, ya taya shi koro su gida.

Abu biyu suka biyo baya. Na farko, ƙanwarsa Saude, wadda ke aure can wajen Doguwa, ta aiko masa da karsana daga cikin shanun da mahaifinsu ya ba ta lokacin aurenta. Ya sa aka mayar mata a ranar, ya ce bai kai ga karɓar sadaka a hannun ƙanwa ba. Tun daga nan gaisuwarsu ta koma ta wurin jana'iza, a tsaye, kowa na duban ƙasa. Na biyu, ya daina yankan gidansu. Yankan nan tsaga ce a bakin kunnen hagu, ya rabu biyu, da 'yan tsage biyu a ƙasa. Ya ce ba zai ɗora shaidar ubansa a kan shanun kasuwa ba. Garken ya sake taruwa a hankali, amma kowane maraƙi aka haifa sai dai ya ɗan ɗebe masa gefen kunne, kamar na kowa.

Kafin in ci gaba sai na faɗi laifina, don yana cikin labarin. Wajen 1989 aka sake tayar da gangamin rigakafi, aka ba su sabuwar filaya mai fitar da shaida kamar ganye uku. Wata rana ya kawo babur gyara ya bar jakarsa a shagona. Na nemi abin yanke wayar kulochi na rasa, sai na ga filayar gwamnati tana ƙyalli. Na yanke wayar, na kuma ɓantare mata haƙori ɗaya. Kwana biyu bai yi mini magana ba. Amma daga ranar duk saniyar da ya yanka sai ganye ɗaya ya fito da ɗan giɓi, ya zama ko a kasuwar wani gari ya ga aikinsa zai gane. Daga baya har alfahari yake yi da giɓin, bai dai taɓa gode mini ba.

A 1996 rediyo ya fara kawo labarin cutar haukan shanu a Ingila. Shagona ya zama majalisa. Aka ce saniya takan fara tangaɗi, ta riƙa firgita, ta faɗi, kuma ana tsoron wanda ya ci naman ma zai iya kamuwa. Aka ce ana karkashe shanu ana ƙonewa. Da aka zo wurin da ake bayanin cewa garin ƙashi da ragowar nama ake zuba musu a abinci, Zailani ya ajiye kofin shayinsa.

"Saniya da cin nama," ya ce. "To me suke so ta yi in ba hauka ba?"

Muka yi dariya, don a ganinmu abin nesa ne. Bayan 'yan makonni takarda ta iso musu daga Kano. Ta ce duk saniyar da aka ga alamar tangaɗi ko hauka a jikinta a kai rahoto, a kuma binciko inda aka haife ta, hannun da ta bi, da abin da ta ci. Zailani ya ninke ta ya sa a aljihu, yana cewa ga aikin da ba za a taɓa yi ba.

Farkon damina, ranar kasuwa, aikin ya zo. Wata ɗaya kafin nan Baffa Mamman ya sayi wata farar saniya mai tsohon ciki a kara. Ba ta cikin lissafinsa, ya ce dai ya gan ta zuciyarsa ta kwanta da ita. Ta haihu, 'yar maraƙa mace, aka ɗaure uwar a gida kusa da rumbu ana ba ta dusa. Da hantsi a ranar sai ta fara rawar jiki, kumfa na zuba, ciki ya kumbura. Ta tsinke igiya, ta bi matan gida da gudu, ta rushe danga, ta fito bakin hanya tana tangaɗi a gaban 'yan kasuwa, ta faɗi. Kafin a kawo wuƙa ta cika.

Kafin azahar duk kasuwa ta ɗauka: haukan Ingila ya sauka a rugar Baffa Mamman. Matan rugar suka koma da ƙorensu cike da nono, ba wanda ya ko taya. Masu tsire suka yi ta rantsuwa cewa namansu lafiyayye ne, ba wanda ya tambaye su.

Zailani ya isa rugar da la'asar, ni na kai shi don babur ɗinsa yana shagona a kwance. Ya duba gawar, ya zagaya inda aka ɗaure ta, sai ya tsaya a kan wani tsohon daro a gindin rumbu. Daron da ake ba shanu kanwa ne a da. Ruwan sama ya taɓa buhun takin masara, farin nan mai kama da gishiri, uwargidan ta juye shi a daron don ya sha iska. Saniya ta ga daron kanwa, ta miƙa wuya ta lashe shi tas.

"Ga Ingilarku nan," in ji Zailani.

Ya zare wuƙa ya yanke kunnuwan biyu, ya barbaɗa musu gishiri, ya sa a gwangwanin madara ya rufe. Kan kuma ya sa a ƙanƙara. Muka koma gida muna ganin magana ta ƙare.

Washegari likitan dabbobi ya zo daga Kano. Matashi ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaida Baffa Mamman kamar yadda ya kamata, kuma ba zan ɗora masa laifi ba. Ya ga daron, ya gyaɗa kai. Sannan ya karɓi kunnuwan ya nuna wata ƙaramar huda zagayayya a tsakiyar na dama.

"Malam Zailani, na yarda da maganar taki," ya ce. "Amma wannan huda irin ta lambar roba ce, wadda manyan gonaki ke maƙala wa shanunsu. Wasu gonakin sun shigo da shanu da abinci daga waje. In daga can ta fito, ba zan iya rufe ido ba. Kan zan kai ɗakin gwaji, amsa kuwa sai ta ɗau watanni. Kafin nan garken nan a killace yake. Ba mai fita, ba mai shiga, ba a sayar da nono."

"In na kawo asalinta fa, ranka ya daɗe?"

"In ka kawo shaida cewa a ruga aka haife ta, kuma ba ta taɓa shiga irin waɗannan gonaki ba, a ranar zan sake su."

Killace garke a farkon damina ba ƙaramin abu ba ne. Gonaki sun kewaye rugar, shuka ta fito, lokacin da ya kamata a fitar da shanu bakin daji ke nan. Ga kuma jita-jita, wai sojoji za su zo su harbe su a ƙone, kamar yadda aka ji a rediyo. Ba wanda ya faɗi haka a hukumance, amma Baffa Mamman ya ji, kuma ya yarda. Bayan motar likita ta tafi ya ja Zailani gefe, ina tsaye ina ji.

"Malam, ba zan tsaya a harbe su a gabana ba. Na ga mutuwarsu sau ɗaya."

"Baffa, ka shiga dajin nan sau ɗaya, ni na fito da kai. In ka gudu yanzu ka tabbatar musu da zargi, kuma duk inda aka kama su ba za su dawo hannunka ba. Ka ba ni kasuwa ɗaya."

Ya daɗe yana duban shanunsa. "Kasuwa mai zuwa," ya ce. "In rana ta take ban gan ka ba, kada ka neme ni."

A inuwar shagona Zailani ya shimfiɗa kunnuwan a kan benci ya karanta mini su. A na dama ga ganye uku da giɓina, wato shi da kansa ya yi mata allura, bayan 1989, a cikin ƙasarsa. A na hagu an datse bakin kunnen a miƙe, ga 'yan tsage biyu a ƙasa. Tsage biyu gidaje da yawa suna yi. Amma ya sa farce a tsakiyar datsin ya nuna mini wani ɗan lotsi, da ƙyar ido ke ganinsa. Ya ce akwai wani yanka a nan kafin a datse. Na tambaye shi na wane gida, ya ce in tashi in gyara babur in bar abin da ba a koya mini ba.

Na rufe shago na bi shi, don babur ɗin nan ba ya kwana biyu ba tare da ni ba. Muka fara da Ɗanjuma dillali, wanda ya sayar da saniyar. Dillali ba ya son a tambaye shi inda ya samo kaya, sai da Zailani ya tuna masa cewa in garken ya tafi sunansa ne na farko a takarda. Nan take ya tuna: wani manomi ne, Mainasara, a Badafi ta ƙasar Ƙiru.

Muka bi ta Kwanar Dangora. Ruwa ya ɓata hanya, taya ta yi faci sau biyu, filogi ya jiƙe a wani rafi. Duk inda muka tsaya shi ya zauna a inuwa da gwangwaninsa, ni ina durƙushe a taɓo, yana ce wa masu wucewa bawansa ne, a yi haƙuri da shi. Ban taɓa jin daɗin tafiya kamar wannan ba, kuma a lokacin ban sani ba.

Mainasara ya gane kunnen tun kafin a miƙa masa. Ya ce shi ya datse shi, haka yake yi wa duk dabbarsa. Shekara biyu ta yi a hannunsa, ba ta ci komai ba sai harawa da kara da dusa. Zailani ya tambaye shi yadda bakin kunnen yake kafin ya datse.

"A tsage yake, ya rabu biyu."

Na ga Zailani ya sunkuyar da kai. Hudar kuwa, in ji Mainasara, da ita ya same ta. Ya ce mu je Ba'awa mu tambayi Inna Baturiya, a hannunta ya saya.

Inna Baturiya tsohuwa ce mai sayar da daddawa, bakinta ya fi daddawar ƙarfi. Da Zailani ya yi mata bayanin lambar roba da manyan gonaki, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wace roba, ɗan nan? Ni na huda ta da tsinken tsire. Saniya ɗaya gare ni a duniya, na ba makiyayi ya haɗa da garke. In ban zura mata jan zare a kunne ba, da me zan gane ta? Kai ka iya karatun kunne, ni ban iya ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da ragowar zaren a cikin wani ƙoƙo. Zailani ya rubuta, ta dangwala yatsa, mai unguwa ya sa hannu. A hanya na ce masa ya gaya wa likita gaskiya saniyar ta zauna a hannun Baturiya, amma ta Ba'awa. Bai yi dariya ba, hankalinsa na kan abin da tsohuwar ta faɗa a ƙarshe: ɗanta ne ya sayo mata ita a wajen Doguwa, a hannun wata Bafulatana da mijinta ke kwance ba lafiya.

"Ka san ko wace ce?" na tambaya.

"Tun a Badafi na sani. Gida ɗaya ke wannan yanka, kuma mai gidan ya daina. Saura mutum ɗaya."

Kwana biyar sun tafi lokacin da muka ratsa dajin Falgore muka sauka a ƙasar Doguwa. Mun sami Saude da yamma tana tankaɗe a ƙofar bukkarta. Mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Doguwar mace ce kamar wanta, har yadda take kawar da kai in ana mata magana irin nasa ne. Bayan an gaisa an sha ruwa, Zailani ya buɗe gwangwanin ya ajiye kunnuwan a kan faifai.

Ta ɗauki na hagu, ta shafa tsagen biyu da babban yatsa, ta taɓa inda aka datse.

"Wa ya ɓata mata kunne?" ta ce.

"Kin san ta, Inna?"

"A gabana aka yanka shi, da wuƙar mahaifinmu. 'Yar karsanar nan ce da na aika wa Hamma ya maido." Hamma shi ne yadda take kiran wanta, ba ta faɗin sunansa. "Dangin mijina sun so a yi musu yankan gidansu, na hana. Na ce waɗannan na Wule ne. Kai ma ka yi mata allura a nan, a gindin ɗorawar can. Ciwon maigidana ne ya cinye su ɗaya bayan ɗaya, ita ce ta ƙarshe da na sayar." Ta ɗago kai. "Ta mutu ke nan."

"Ta mutu. Amma ta bar 'ya mace, kwananta ashirin."

"A hannun wa?"

"A rugar Baffa Mamman. Ya saye ta a kara, bai san ko wace ce ba."

Ta yi wata 'yar dariya, sannan ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Mu ma muka kawar da kai, muna duban kaji. Da ta buɗe fuskar sai ta ce, "Ya kori uwar, 'yar ta je da ƙafarta."

Zailani ya fito da takarda don ta dangwala. Ta ture ta. Ta ce ba za ta aika yatsa ba alhali tana da baki, da ita za a tafi. Washegari muka sa ta a motar kasuwa da ɗanta, mu muka biyo a baya, babur na tari kamar tsoho.

Ranar kasuwa da hantsi muka shiga rugar, motar likita na bayanmu. Baffa Mamman ya riga ya ɗaure kaya. Tabarmi a naɗe, ƙore a cikin raga, an ɗora wa bijimi, 'ya'yansa na tsaye da sanduna. Da mun ƙara awa biyu da sai sawu.

Aka shimfiɗa tabarma. Zailani ya jera kunnuwan, ya bi su daki-daki: ga datsin Mainasara, ga hudar Inna Baturiya da zarenta, ga ganye uku na filayarsa, ya ɗauko filayar ya ɗora a kan shaidar, giɓi ya hau giɓi. Sannan Saude ta yi magana daga inda take zaune a bayan mata, ta ja asalin saniyar uwa bayan uwa har zuwa Wule, suna bakwai ba ta yi tuntuɓe ba. Likita ya yi ta rubutu har takardar ta cika ya juya bayanta. Da ya gama ya ce ko a littafin makaranta bai ga asali mai tsawon wannan ba. Ya sa hannu, ya ce garke ya fita, mata su kai nono kasuwa. Daga baya amsar gwaji ta zo, ba a sami komai ba, amma lokacin mutane sun manta.

 Ko da likita ya yi wa Baffa Mamman sallama, kai kawai ya ɗaga. Na ɗauka zai yi wa Zailani godiya, ko ya ce wa ƙanwarsa sannu da hanya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tashi ya nufi inda aka ɗaure 'yar maraƙar, wadda ake shayar da ita a jikin wata saniya. Ya tsuguna ya daɗe yana kallonta. Kunnuwanta baƙaƙe, lafiyayyu, ba a taɓa su ba.

Ya zaro wuƙa daga kube, ya gwada kaifinta a farce. Bai waiwayo ba ya ce, "Saude, zo ki riƙe mini kanta."

Ta taso ta durƙusa ta rungume kan. Ya tsaga bakin kunnen hagu ya rabu biyu, ya yi 'yan tsage biyu a ƙasa. Yankan ya fita daidai. Maraƙar ta yi kuka, ya shafa mata toka, kuma su biyun ba wanda ya saki kan nata da wuri. Ni dai na koma wajen babur na yi kamar ina duba sarƙa, don idona ya cika.

Zailani ya yi ritaya bayan wasu shekaru, ya koma noman masara, wanda bai taɓa iyawa ba. Ba a ba shi lambar yabo ba, ba a kira sunansa a rediyo ba, shi ma bai sa rai ba. Duk da haka har ya kwanta ciwon ajali Fulani na zuwa ƙofar gidansa da saniyar da aka tsinta ko wadda ake gardama a kanta, ya fito da sandarsa ya duba kunne ya faɗi gidanta. Da ya rasu iyalinsa suka aiko mini da filayar, wai ya ce a ba bawansa, tunda shi ya ɓata ta.

Tana nan rataye a shagona, ban sake yanke waya da ita ba. Ina kewarsa ƙwarai, ba ni da wanda zan zaga ya rama. Yanzu yara ke gyaran, ni ina zaune a benci, kuma idan garke ya zo wucewa ta bakin tasha sai in ga na miƙe tsaye. Ban iya karatun ba har yau, yanka ɗaya kawai na sani. Ran nan na ƙirga guda goma sha ɗaya masu tsagaggen kunnen hagu, jikan Baffa Mamman na biye da su.